Baƙo Cikin Rigar Mai Gida: Yadda SSD Ya Gaji Faifan 1956

Kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ƙera wajen shekarar 2012, irin su ThinkPad T430 ko Latitude E6430 ko EliteBook 8470p, tana da wata 'yar ƙofa a ƙasanta ko a gefenta, wadda sukuru kaɗan ko 'yar sakata ke riƙe da ita. In aka buɗe ƙofar, za a tarar da ɗan akwatin ƙarfe mai tsawon santimita 10 da faɗin santimita 7. Mai gyara a Farm Centre ta Kano ko a Computer Village ta Ikeja yakan zare wannan akwati, ya zura wani mai girma ɗaya da baki ɗaya, sai dai na biyun ba shi da nauyi a hannu, kuma ko an kara shi a kunne ba a jin motsin komai. Bayan an ɗora Windows, kwamfutar da a da take shafe minti biyu tana miƙa kafin ta farka sai ta tashi cikin abin da bai kai rabin minti ba. Mai ita, wanda wataƙila ya riga ya fara tambayar farashin sabuwa, yakan koma gida da tsohuwarsa.

Abu biyu ne abin mamaki a nan. Na farko, yaya sauya ɓangare ɗaya tak zai farfaɗo da na'urar da kowa ya yanke wa hukuncin tsufa? Na biyu, wanda ba a cika lura da shi ba, yaya abin da aka gina bisa wata hikima ta daban, marar mota marar allura, zai shiga ramin wancan daidai wa daida, kwamfutar kuma ta karɓe shi ba tare da ta tambayi ko shi wane ne ba? Amsar tambayoyin biyu tana cikin tarihi, kuma tarihin ya fara ne shekaru da dama kafin a san wani abu wai shi kwamfutar ɗauka a jaka.

A shekarar 1952 kamfanin IBM ya buɗe ɗakin bincike a San Jose ta jihar Kalifoniya, ya ɗora Reynold Johnson a kansa. Johnson tsohon malamin sakandare ne a jihar Mishigan, wanda ya shiga kamfanin ta dalilin wata na'ura da ya ƙirƙira mai duba takardun jarrabawa ta hanyar gane zanen fensir. Matsalar da ke gaban mutanensa ita ce ta nemo bayani guda a cikin tari. A wancan zamani ana ajiye bayanai ne a kan katuna masu huji ko a kan tef, shi kuwa tef halinsa ɗaya da na kaset: wanda ke son abin da ke ƙarshe sai ya jira an naɗe duk abin da ke gabansa. Ma'aikatar da ke son sanin yawan kaya guda a rumbunta sai ta bi dubban layukan da ba ta bukata.

Abin da suka fito da shi a watan Satumba na 1956, a cikin kwamfutar da aka kira RAMAC, faya-fayai ne na ƙarfe guda 50, kowanne faɗinsa inci 24, an shafe su da sinadari mai karɓar maganaɗisu, an jera su a kan sanda guda suna juyawa sau 1,200 a minti. Hannu ɗaya ne ke hawa da sauka a gefen jerin, in ya iso faifan da ake so ya kutsa ciki, kamar allurar garmaho mai neman waƙa. Nauyin na'urar ya kai tan guda, abin da take ɗauka kuma haruffa miliyan 5 ne, wato kimanin megabait 3.75, wanda hoto ɗaya na wayar yau zai iya cika shi. Amma tana iya kaiwa ga kowane bayani cikin kimanin kashi shida cikin goma na sakan, ba tare da ta bi ta kan sauran ba. A 1956 wannan abin al'ajabi ne.

Daga nan sai tarihin ƙanƙancewa. A 1973 IBM ya fito da samfurin 3340, wanda injiniyoyinsa suka yi wa laƙabi da Winchester, sunan wata bindiga, domin an tsara shi da ma'aji biyu masu megabait 30 kowanne, bindigar kuma ana kiranta 30-30. A cikinsa ne aka rufe faifai da allurarsa wuri guda, allurar ta zama 'yar ƙarama marar nauyi mai shawagi a kan iskar da juyin faifan ke tayarwa. A 1980 kamfanin da daga baya ya zama Seagate ya sayar da mai inci 5.25 da megabait 5 a kan dala 1,500. A 1988 wani ƙaramin kamfani na jihar Kolorado mai suna PrairieTek ya ƙera na farko mai inci 2.5, mai ɗaukar megabait 20, domin kwamfutocin ɗauka. Kamfanin bai yi tsawon rai ba, amma ma'aunin da ya kafa ya rayu. Shi ne ramin nan da mai gyara ke buɗewa a Farm Centre.

Yawan abin da faifai ke ɗauka ya yi ta haɓaka har ya wuce tunani. Binciken da Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus suka yi a 1988 kan yadda wasu siraran shimfiɗun ƙarfe ke jin maganaɗisu komai rauninsa, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2007, ya ba da damar ƙera allurar da ke karanta ɗigo mafi ƙanƙanta. A shekarar 2007 ɗin ce Hitachi ya fitar da faifai mai terabait guda. Daga megabait 3.75 zuwa terabait guda ninki ne fiye da 250,000.

Saurin kaiwa ga bayani kuwa bai bi sahu ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Faifan kwamfutar tafi-da-gidanka yawanci yana juyawa sau 5,400 a minti, wato zagaye ɗaya na cin kimanin kashi 11 cikin dubu na sakan. In allura ta iso layin da take nema, sai ta jira wurin da bayanin yake ya zagayo ƙarƙashinta, a matsakaici rabin zagaye. A haɗa da lokacin da hannun ke ɗauka kafin ya matsa zuwa layin, jimilla ta kama wajen kashi 15 cikin dubu na sakan. Idan aka gwada da na RAMAC, ninki arba'in ne kacal cikin fiye da rabin ƙarni. Rumbu ya faɗaɗa sau dubu ɗari biyu da hamsin, ɗan aiken da ke shiga ya ɗauko kaya kuwa saurinsa ya ƙaru sau arba'in. Ƙarfe mai motsi yana da iyakar da wayo ba ya ƙetarewa: in aka ƙara saurin juyi, zafi da ƙara da cin batir su ƙaru.

Kashi 15 cikin dubu na sakan ba komai ba ne a idon mutum. A wajen furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, wadda ke bugawa sau biliyan biyu da rabi a sakan guda, jira ne na bugu fiye da miliyan talatin. Tashin Windows kuwa ba karatun babban fayil guda ba ne. Dubban ƙananan fayiloli ne warwatse a kan faifai, kowanne sai allura ta je ta same shi, ita kuma ba ta wuce zuwa ɗari ko ƙasa da haka a sakan. Saboda haka kwamfutar 2012 da ake zargi da tsufa galibi zaman jira take yi. Furosesarta ta wannan ƙarni ce, ma'ajinta kuwa jikan na'urar 1956 ne, da motarsa da hannunsa da allurarsa. Gaɓoɓin jiki ɗaya ne, amma ba tsara ɗaya ba.

Ga kuma rauni. Allurar tana shawagi ne a tazarar da ta fi kaurin gashin kai ƙanƙanta sau dubbai, a kan faifan da ke gudu. Girgiza mai ƙarfi na iya sa ta karce shi, abin da ke wurin ya tafi. Shi ya sa a 2003 IBM ya sa wa ThinkPad wata 'yar na'ura mai jin faɗuwa, domin ta janye allurar kafin kwamfutar ta kai ƙasa. Dabara ce mai kyau, sai dai tana nuna cewa an ɗora wa abin da aka yi domin ɗaki mai sanyi aikin yawo cikin jaka a kan hanya mai gargada.

Mutumin Toshiba

Tunanin ajiye bayani ba tare da motsi ba tsoho ne. A 1967 Dawon Kahng da Simon Sze na ɗakin binciken Bell suka bayyana wani nau'in tiransisto mai ɗan ɗaki a cikinsa, kewaye da abin da lantarki ba ya ratsawa. In aka tura cajin lantarki cikin ɗakin da ƙarfi, sai ya maƙale, ko an ɗauke wuta yana nan. Ɗaki mai caji da ɗaki marar caji su ne sifili da ɗaya. Wahalar ita ce fitar da cajin. Na'urar da Dov Frohman ya ƙera wa Intel a 1971 sai an haska mata wani irin haske ta wata 'yar taga kafin ta goge. Waɗanda suka biyo baya suna gogewa da lantarki, amma kowane ɗaki na bukatar ƙarin tiransisto, abin da ya sa suka yi girma da tsada.

Fujio Masuoka ya shiga Toshiba a 1971. Hankalin kamfanin a lokacin yana kan DRAM, ma'ajin wucin gadi mai sauri wanda ke mance komai da zarar wuta ta ɗauke, domin a nan kuɗi yake. Tunanin da ya zo wa Masuoka wajen 1980 na sadaukarwa ne: a haƙura da goge bayani ɗaya bayan ɗaya, a riƙa goge fili guda a lokaci ɗaya. Na'urar ta rage ƙwarewa, amma kowane ɗaki ya ƙanƙance, ya yi araha. Abokin aikinsa Shoji Ariizumi ne ya ba ta suna filash, domin gogewar ta tuna masa da walƙiyar kyamara. Masuoka ya gabatar da nau'in farko, NOR, a wani taron injiniyoyi a San Faransisko a 1984, sannan a 1987 ya gabatar da na biyu, NAND, inda ya jera ɗakunan a layi kamar tsakiya a zare, ya rage wayoyin da ke haɗa su. NAND shi ne abin da ke cikin kowane SSD da kowace waya da kowane katin memori a yau.

Wanda ya fara cin moriyar aikin ba Toshiba ba ne. Intel ya ga takardar 1984, ya zuba injiniyoyi, ya fito da nasa kasuwa a 1988. A farkon shekarun 1990 Toshiba ya ba Samsung lasisin NAND domin kasuwar ta faɗaɗa, kafin a jima Samsung ya zama jagoranta. Shi Masuoka, a cewarsa, ladan da ya samu bai wuce na 'yan ɗaruruwan daloli ba, kuma an nemi a ɗaga shi zuwa muƙamin da ba shi da ma'aikata a ƙarƙashinsa. Ya bar kamfanin a 1994 ya koma koyarwa a Jami'ar Tohoku. A 2004 ya kai ƙara yana neman yen biliyan ɗaya. A 2006 aka sasanta a kan yen miliyan 87. Ga sana'ar da ke juya biliyoyin daloli kowace shekara, wannan tukuici ne, ba rabo ba.

Rigar aro

Filash yana da halaye biyu marasa daɗi. Ba a rubutu a kan rubutu: ana rubutawa shafi-shafi, amma ba a gogewa sai babi guda mai shafuka da yawa. Sannan kowace gogewa tana ɗan cin bangon ɗakin, har wata rana ya daina riƙe caji. Ita kuwa kwamfuta ta saba da faifai, wanda ake iya sake rubutu a wuri ɗaya sau nawa aka ga dama, kuma akwai wuraren da take rubutawa ba dare ba rana. Da za a haɗa ta da filash kai tsaye, da waɗannan wurare sun mutu cikin ɗan lokaci.

Mafitar da Eli Harari da abokansa suka bi, bayan sun kafa SunDisk a 1988, kamfanin da daga baya ya zama SanDisk, ita ce a sa wani ɗan sarkin gida tsakanin kwamfuta da filash, wato ƙaramar furosesa mai riƙe da littafin rajista. In kwamfuta ta ce a rubuta a gida mai lamba 500, sarkin gida ya rubuta a duk inda ya ga bai gaji ba, ya shigar a littafinsa cewa lamba 500 yanzu tana can. Gobe in ta sake cewa a rubuta a lamba 500, ya kai wani wurin dabam. Da haka gajiya ke rarrabuwa a kan dukkan ɗakuna, ita kuma kwamfuta tana zaton da faifai take magana. A 1991 kamfanin ya ƙera wa IBM irin wannan ma'aji mai megabait 20, a kan kimanin dala 1,000.

Wannan ita ce amsar tambaya ta biyu. SSD ya shigo ne cikin rigar wanda ya zo ya gada: girmansa, bakinsa, har harshen da yake magana da shi. Harshen ya samo asali ne daga tsarin da Western Digital da Compaq da Control Data suka haɗa a 1986, wanda a 2003 aka sabunta shi ya zama SATA. Masu ƙera SSD ba don tausayin tsofaffin kwamfutoci suka yi haka ba. Ba su da ƙarfin da za su tilasta wa duniya ta sake gini domin su, sai suka bi ta ƙofar da suka tarar a buɗe. Amfanin da mai tsohuwar kwamfuta ke ci a yau ragowar wannan lalura ce.

Farashi ne ya riƙe shi kusan shekara ashirin. A 2008, wanda ke son MacBook Air mai SSD na gigabait 64 sai ya ƙara dala 999. A shekarar ce Intel ya fitar da X25-M mai gigabait 80 a kan dala 595, kuma shi ne ya gamsar da masu shakka, domin da yawa daga cikin masu arahar lokacin sukan yi tsaye cak na ɗan lokaci in rubutu ya yi musu yawa. Rigar aron ma ta nuna inda ta yage: faifai ba ya bukatar a gaya masa an share fayil, amma sarkin gidan SSD in ba a gaya masa ba sai ya yi ta dakon shara yana zaton kaya ne. Windows 7 ta zo a 2009 da umarnin TRIM, wanda ke sanar da shi. A ƙarshen 2011 ambaliya ta mamaye masana'antun faifai a Tailan, ciki har da na Western Digital, farashin faifai ya yi tashin gwauron zabi, tazarar da ke tsakanin su biyun ta ragu a idon mai saye. Sannan aka koyi cusa bayani biyu, uku, har huɗu a ɗaki guda, a 2013 kuma Samsung ya fara gina ɗakunan hawa-hawa kamar bene, da hawa 24. Arahar tana da kuɗinta: ɗakin da ke riƙe bayani ɗaya yana jure gogewa wajen sau 100,000, mai riƙe uku ko huɗu kuwa 'yan dubbai ne ko ƙasa da haka. Ga mai aikin ofis wannan ya isa shekaru masu yawa.

Kwamfutocin da aka ƙera tsakanin 2011 da wajen 2016 sun faɗo a wata gaɓa ta musamman. Furosesarsu ta riga ta kai ƙarfin da ya ishi rubutu da lissafi da intanet, bakinsu na SATA yawanci mai saurin gigabit 6 ne a sakan, amma saboda farashi an sayar da akasarinsu da faifai mai juyawa. Kamfanonin Turai da Amurka sukan sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan 'yan shekaru, kuma irin waɗannan ne ke cika kasuwannin kayan hannu na Legas da Kano. An ƙera su domin sashen gyara na ma'aikata ya iya buɗe su da sukudireba, don haka ƙofar nan take. SSD yana amsa kira cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu goma na sakan, fiye da ninki ɗari na saurin faifai. Ko kwamfutar da ta girmi waɗannan, mai bakin gigabit 3, tana samun mafi yawan ribar, domin abin da ke kashe ta jira ne, ba ƙuncin hanya ba. Waɗanda aka yi kafin wajen 2005, masu tsohon baki mai tsinke 44, su ne wannan gyara bai cika yi wa rana ba.

Gyaran yana da iyakarsa. Ba ya ƙara RAM, kuma mai gigabait 4 za ta ci gaba da haki in aka buɗe mata shafuka ashirin. Ba ya tayar da mataccen batir. Ba ya kuma sauya hukuncin Microsoft, wanda ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 a hukumance ba ta karɓar akasarin furosesoshin Intel da suka girmi zubi na takwas. Kwamfuta na iya zama lafiyayya, mai sauri, amma ba ta samun facin tsaro sai an biya ko an bi wata hanya, ko kuma an koma Linux. Akwai kuma bambancin yadda suke mutuwa. Faifai sau da yawa yakan yi gargaɗi, ya yi ƙas-ƙas, ya yi nauyi, mai shi ya samu damar kwashe kayansa. SSD yakan tafi shiru, in sarkin gida ya mutu da littafinsa, abin da ke ɗakunan ya zama tarkace marar lamba. Fayil ɗin da aka share bisa kuskure ma, TRIM kan sa dawo da shi ya yi wuya. Masu hankali sukan sa tsohon faifan a ɗan kwanso mai wayar USB, ya zama wurin ajiye kwafi.

Ita kanta ƙofar tana rufewa. Da SSD ya yi ƙarfi, sai ya tuɓe rigar aro. A 2011 aka fitar da NVMe, harshen da aka tsara domin filash tun daga tushe, ma'ajin kuma ya koma ɗan siririn allo kamar tsinken cingam, mai shiga ramin M.2. Wannan har yanzu ana iya zare shi. Amma Apple ya fara like filash ɗin a jikin babban allon wasu kwamfutocinsa tun tsakiyar shekarun 2010, haka kuma yawancin masu araha da ke zuwa da gigabait 32 ko 64. Irin waɗannan in sun iso kasuwar kayan hannu, mai gyara ba zai sami abin zarewa ba. Yadda aka saye su haka za su ƙare.

Faifai mai juyawa kuwa bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ya bar jaka ya koma irin ɗakin da ya fito, manyan ɗakunan ajiyar bayanai masu sanyi, inda arahar kowane terabait ta fi sauri muhimmanci, kuma a can ne kaso mai yawa na hotuna da bidiyon da ake ɗorawa a intanet ke kwana. Daga cikin ɗimbin kamfanonin da suka taɓa ƙera shi, uku suka rage: Seagate da Western Digital da Toshiba. A 2018, bayan asarar da ya tafka a reshensa na nukiliya na Amurka, Westinghouse, Toshiba ya sayar da sashensa na filash ga gungun masu zuba jari ƙarƙashin Bain Capital a kan kimanin yen tiriliyan 2, ya riƙe wani kaso. A shekara mai zuwa sashen ya sauya suna ya zama Kioxia. Sashen faifai mai juyawa yana nan a hannun Toshiba.